Na Ci Ƙarar Tara, Sun Sare Darbejiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Auta.

Ina gaishe ki, ina gaishe da abokan zamanki da ban taɓa gani ba, amma na riga na san ba su iya girki ba daga yadda wuyanki ya koma a hoton da kika turo. Allah Ya tsare ki a hanyar unguwarku ta Abhur, tafiya da dawowa. Ya tsare ki daga masu tuƙi da waya a hannu, da direbobin motar ruwa waɗanda ba su san birki ba. Allah Ya sa kafilinki, mai ɗaukar nauyin zamanki a ƙasar nan, ya zama mai tsoronSa, Ya sa aikin nan ya zame miki alheri.

Yayanki Sani ne zai kawo miki wannan takarda idan ya tashi daga aiki a tashar jiragen ruwa. Na san karatun Hausa yana ba ki wahala, ke da kike jin ta tsaf amma ki mayar min da amsa da Larabci. Ki daure. Da Larabci na yi ɓarnar, Larabci mai kyau kuwa, don haka ba da shi zan ba da labarinta ba. Ban kira ki ba saboda idan na buɗe baki a waya faɗa ne zai fito, kuma ba ke kika yi laifin ba.

An sare darbejiyarmu. Ina so ki ji daga bakina kafin ranar Juma'a, kada ki karyo kwanar masallaci ki ɗaga kai kina nemanta. Kin taɓa ce min, "Umma, ni sai na hango bishiyar nan nake sanin na iso gida." Kina cire takalmi kika faɗa, kuma na tabbata kin manta. Ni ban manta ba. Tunda aka sare ta nake tsoron ki zo unguwarmu Ammariyya ki ga babu abin da ya rage naki, ki soma cewa aiki ya yi yawa, hanyar da nisa, sai wata Juma'ar.

Kin san filin ajiye motocin nan gidanmu ne a da, amma kina ƙarama aka rushe shi, abin da kika riƙe kaɗan ne. Gidan haya ne mai hawa biyu, na wani tsoho da ba ya gyara komai sai ƙofar gidansa. Mu ne a ƙasa, da ɗan tsakar gida wanda idan na shanya zani uku ya cika. Can aka kawo ni daga Kano ina amarya, da akwati ɗaya na kaya da ɗaya na littattafai, dangin Abbanki suna ta leƙen na biyun suna zaton kayan ɗaki ne. A ɗakin nan na haife ki. Ungozomar da ta karɓe ki, wata tsohuwa mutuniyar Damagaram, ta ce ba za a jefar da mabiyiyar 'yar Hausa a shara ba don kawai an haife ta a Jidda. Ta wanke ta, ta sa Abbanki ya haƙa rami a kusurwar tsakar gidan, ta binne da hannunta. Bayan suna sai ya dawo daga tasha da ɗan dashen darbejiya a gwangwanin madara, ya dasa a wurin. Na ce masa, "Malam, ruwan da za mu sha ma sai mun jira mota ta kawo, wa zai shayar da bishiya?" Kin san halinsa. Ya samo tiyo ya ɗaura a bayan mukayyif ɗinmu na taga, na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga dare da rana yana ɓata bango, ya ja shi zuwa gindin dashen. Da ɗigon mukayyif bishiyar nan ta girma. Duk zafin da muka sha a garin nan, ita ruwa ya zame mata.

A inuwarta kika koyi tafiya. A nan nake zama da la'asar ina karanta tsofaffin littattafan da nake saya a kasuwar Balad, iska tana kawo warin teku da ƙamshin burodin tamis na bakin layi. Da azumi matan gidan sama sukan sauko mu haɗu muna daka, kowa da harshenta, kuma duk muna fahimtar gulmar juna. Ranar da aka zo rushe gidan, Abbanki ya tsaya kusa da mai katafila yana masa hira tun safe, ya saya masa shayi, bai roƙe shi komai ba. Mutumin ya kwashe bango huɗu ya bar bishiyar. Aka zuba kwalta aka ja layuka, ta rage a gefe ita kaɗai. Muka koma gidan da muke yanzu, tsallaken titi, shi kuma kullum a ƙarƙashinta yake ajiye motarsa, har Allah Ya karɓi abinSa. Da na koyi tuƙi da furfurata, na ci gaba da ajiyewa a nan. Ban taɓa ɗaukar wurin a matsayin filin baladiyya, wato hukumar gari, ba. Tsakar gidana ne da aka cire wa bango.

Daga nan kuskurena ya fara. Sun kafa sabon allo a bakin filin, an rubuta cewa an hana mota kwana a ciki. Ni da nake karanta jaridar da aka naɗe min burodi, ni da nake gyara wa likitoci rubutu a asibitin da nake aikin tafinta, na wuce allon nan safe da yamma ban karanta ba. Na gan shi, Auta. Ƙarfe ne fari da shuɗi, ba ya ɓoyuwa. Amma mutum ba ya karanta bangon ɗakinsa. Sai da saƙo ya shigo wayata da safe cewa an rubuta wa motar mukhalafa, tarar kwana a filin jama'a, sannan na fita da takalmin wanka na tsaya a gabansa kamar baƙuwa.

Ki karanta alluna. A Abhur komai sabo ne gare ki, za ki karanta dole. Wanda nake ji miki shi ne wurin da kika saba, bayan kin yi shekara kina ganin kin san kowane lungu. Takardar iƙamarmu ta izinin zama aro ce, wurin ajiye motarmu ma aro ne, kuma masu abin ba sa zuwa su ƙwanƙwasa ƙofa idan sun canza shawara. Ƙarfe suke kafawa su tafi.

Kin tuna abin da kika ce a ranar. Lokacin saura kaɗan ki fara aiki, ana shirin mayar da motar sunanki, mai ofishin da ke bin mana takardu kuma ya ce gara a share tarar kafin a fara. Kika ce, "Umma, halas, shi ke nan, a biya kawai. Motar ta kwana, ai kin san ta kwana."

Na ce, "Ta kwana a gidan ubanta."

Kika ce, "Baladiyya ba ta san ubanta ba."

Na ji haushin amsar saboda irin tawa ce. Na karɓe wayar na shiga inda ake shigar da i'itirali, wato inda mutum ke cewa bai yarda da tarar ba. Akwai ɗan akwatin rubutu da aka ce a faɗi dalili. Na cika shi, ya ƙi karɓar sauran, sai na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na liƙa. Na ba su tarihin gidan, da na mai gidan, da shekarun da Abbanki ya yi yana ɗaukar kayan mutanen garin nan a tasha har bayansa ya lanƙwashe. Na kawo maganar haƙƙin maƙwabci da haƙƙin wanda ya daɗe a wuri. Na yi amfani da kalmomin da na san yaron da zai karanta sai ya nemi ƙamus. Da na gama na karanta wa Hajiya Falmata, maƙwabciyarmu 'yar Chadi, ta ajiye butar shayinta ta ce, "Wallahi Maman Sani, da ni ce baladiyya da na ba ki filin gaba ɗaya."

Amsarsu layi ɗaya ce: an ƙi, babu hujja.

Ki koyi wannan daga gare ni tunda ni ban koya daga Abbanki ba. Ofis tambaya ɗaya yake yi. Idan kika amsa wadda ba a yi miki ba, ko da zinariya kika rubuta, ba ki amsa ba. Tarihinki naki ne, ki ajiye shi wa 'ya'yanki, kada ki shimfiɗa shi a gaban wanda aikinsa danna kore ko ja. Na fi jin kunyar wannan takarda fiye da tarar. Akwai wani a garin nan da ya karanta labarin bayan Abbanki yana cin shawarma, ya wuce zuwa na gaba.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na ɗauki abaya na tafi ofishinsu. Na samu wani matashi a bayan tebur, ba zai girme ki ba, mai ladabi, wanda hakan ya ƙara ɓata min rai don na zo da shirin faɗa. Na fara daga ranar da aka kawo ni amarya. Ya saurara har na kai wurin katafila, sannan ya ce, "Ya khala, Allah Ya jiƙan mijinki. Motar ta kwana a filin ko ba ta kwana ba?"

Na ce, "Shekara da shekaru tana kwana."

Ya ce, "Wannan kada ki rubuta shi a ko'ina, don Allah."

Na ce, "To me kuke so in rubuta? In yi ƙarya?"

Ya ce, "La, la. Abu biyu ake dubawa. Ko motar ba taki ba ce, ko allon ba ya ganuwa. Idan akwai ɗaya ki kawo hoto. Idan babu, ki biya ki huta, ki sha shayi."

Ya ba ni shawara biyu, Auta, na ɗauki ɗaya na bar mai kyaun a kan teburinsa.

Da na dawo na tsaya a bakin filin ina kallon allon, sai na ga reshen darbejiyar ya sauko ta gefensa. Gaskiyar ita ce ganyen ya rufe kusan rabin rubutun. Mai shigowa da mota yana iya karanta abin da ya rage idan yana so. Amma idan mutum ya matsa hagu, ya jingina da bangon shagon mai wanki, ya ɗan rage tsawo, ganye ne kawai zai gani da ƙafar ƙarfe. Na kira Falmata. Muka yi ta zagaye allon nan kamar masu ɗawafi, tana cewa, "Matsa kaɗan. A'a, kin wuce. Durƙusa, Maman Sani, gwiwar ba ta gwamnati ba ce. Yalla, yanzu, iska ta kawo shi." Mai wanki ya fito yana kallonmu, Falmata ta ce masa hoton tsuntsu muke ɗauka. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Rabon da in yi irin wannan dariyar tun Abbanki yana raye, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci min rai yanzu.

A karo na biyu jimla ɗaya na rubuta. Na ce bishiyar da ke bakin filin ta rufe allon gaba ɗaya, ba yadda direba zai yi ya gan shi. Na zaɓi kowace kalma. Na yi alfahari da gajartarta. Na liƙa hoton na tura.

Kina nan saƙon ya zo cewa an soke tarar. Na karanta miki shi sau biyu da ƙarfi, na sa Sani ya ajiye cokali ya saurara. Na ce miki, "Kin gani? Da na bi taki da an cuce mu." Kika ce, "Mabruk, ya Umma," kika ci gaba da ninke kayanki. Aka mayar da motar sunanki, kika loda akwatunanki a ƙarƙashin bishiyar, ganye yana zubo miki a gilashi kina gogewa da gefen mayafi, kika tafi.

Shekaranjiya da safe ina shirin fita aiki na ji ƙarar inji. Na ɗauka masu gyaran titi ne. Falmata ce ta buga min ƙofa ba sallama, ta ce, "Fito." Kafin mu tsallaka titi sun sauke manyan rassan. Ma'aikata ne na wani kamfanin kwangila, da motarsu da igiyoyinsu. Na nufi shugabansu, wani mai hular kwano, na ce masa wa ya ba su izinin taɓa bishiyar nan. Ban faɗa da wannan ladabin ba.

Ya ce, "Ya hajja, ƙorafi aka shigar. An ce ta rufe allo."

Na ce, "Ai sai ku rage reshe ɗaya. Reshe ɗaya ne."

Ya ce, "An rubuta gaba ɗaya ta rufe. Da injiniya ya zo dubawa kuma ya ga saiwarta ta ɗaga kwalta, ya ce a cire."

Falmata ta riƙe ƙugu ta ce, "Wane mara mutunci ne ya kai ƙarar bishiya? Bishiya ta ci masa me?" Da gaske take tambaya, ba ta haɗa lissafin ba tukuna. Mutumin ya ce shi bai san suna ba, amma ga abin da aka turo masa. Ya juyo da wayarsa. Hotona ne. Ga ganyen, ga ƙafar ƙarfen, ga bakin hannun abayata a kusurwa, mai ɗinkin shuɗin zare da kika saya min da sallah. Falmata ta kalli wayar, ta kalli hannuna, ta sauke nata daga ƙugu. Na mayar da hannun cikin mayafi kamar ɓarauniya. Na tsaya har suka gama, don ina ganin ko mai laifi ya kamata ya tsaya jana'iza.

Ina fushi, ba zan ɓoye miki ba. Ina fushi da injiniyan da ya ga kwalta bai ga inuwa ba. Ina fushi da allon da yanzu yake tsaye tsirara cikin rana, kowa yana karanta shi daga bakin masallaci. Na kwana ina tsara wata takardar a kaina, mai zafi, wadda za ta ƙona duk teburin da ta sauka a kai. Da gari ya waye na tambayi kaina me zan rubuta. In ce kun gaskata ni? Sun yi abin da jimlata ta ce. Wannan ne karo na farko a garin nan da ofis ya ɗauki maganata da muhimmanci daga farko har ƙarshe.

Ba ina cewa kada ki yi i'itirali ba. Kada ki fahimce ni a haka, don ban haifi wadda za a taka ta ta ce na gode ba. Idan aka rubuta miki tara a wurin da ba ki je ba, ko a ranar da motarki tana gareji, ki tsaya a kai har ƙarshe, da hoto da kwanan wata, ba tare da labarin kakanninki ba. 'Yar baƙi da ba ta iya cewa a'a a ofis za ta biya laifin rabin unguwa. Amma kafin ki miƙa hujja, ki dube ta ki ga wa take nunawa da yatsa. Duk wanda ya ce ba laifina ba ne, ya ce laifin wani ne, ko bai ambaci suna ba. A wurin aikinki zai faru. Za a tambaye ki me ya sa abu ya makara, kuma za ki ga hanya mai sauƙi da ta bi ta kan mai shara ko mai gadi, wanda ba ya cikin ɗakin. Ki tuna bishiyar nan ma ba ta cikin ɗakin. Kuma idan kika ga sai kin durƙusa kin jingina da bangon mai wanki kafin hujjarki ta fito, to ki miƙe ki biya.

Kina da kaifin bakina, na gani tun kina 'yar makaranta. Ina jin daɗinsa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma Abbanki ya ceci bishiyar nan daga katafila da kofin shayi da hira, ni kuma na kashe ta da jimla ɗaya wadda babu kuskuren nahawu a cikinta. Ki ɗauki nawa don ranar da babu makawa, ki ɗauki nasa don sauran ranakun.

Sun bar kututturen, tsawonsa bai kai gwiwata ba. Sun ce za su dawo da wata mota su tumɓuke shi, ban san yaushe ba, kuma ba zan je in tambaya ba, kada in tuna musu. Abin da ungozoma ta binne yana nan ƙarƙashi, ya daɗe da zama ƙasar Jidda, wannan babu injin da zai kwashe. Na sa bokiti a bayan mukayyif ɗin ɗakinki, tunda har yanzu ina kunna shi da rana ban san dalili ba. Da safe ina tsallaka titi da bokitin in juye a gindin kututturen. Mai wanki yana kallona. Falmata ta ce darbejiya ba ta mutuwa da sara ɗaya, za ta tofo. Na ce mata ita ce ta ce in durƙusa, don haka ta yi min shiru. Ta yi kuka, na yi kuka, muka sha shayi.

Jiya da na je zuba ruwan na ga wasu 'yan tsiro a tsagin kwalta, daga 'ya'yan da take zubarwa. Ina ganinsu kowace shekara, ban taɓa kulawa ba, tayoyi ne ke murƙushe su. Na haƙo ɗaya da cokalin miya, na sa a gwangwanin madara. Yana nan a kan tagar kicin, ganyensa bai fi ɗan yatsanki ba. Sani ya ce in ba shi ya kawo miki tare da takardar. Na hana. Idan kina so, ki zo ki ɗauka da kanki.

Ki zo ranar Juma'a, Auta. Idan kin karyo kwanar masallaci ba za ki ga komai a sama ba, sai ki sauke ido ƙasa, za ki gan ni a bakin titi da abayar nan mai shuɗin zare. Ki ajiye motar a filin da rana, babu laifi, amma kafin dare ki fitar da ita, na karanta allon yanzu har na haddace. Idan za ki koma ki tafi da gwangwanin. Ki nemi inda mukayyif ke ɗiga a gidanku, ki roƙi mai gidan da ladabi, ki kai masa shayi idan ya kama. Ki dasa ta nesa da kowane allo.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya mayar da ke lafiya. Ya kare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin jimla mai kyau. Allah Ya jiƙan Abbanki, Ya sa inuwar da ya dasa tana cikin mizaninsa, har da ta shekarun da na rage mata.

Ummanki,
daga Ammariyya.